Ranar da Jatau ya kyautar da filas

A garinmu akwai wani Jatau, shi da tsohuwarsa Inna Kande da akuya ɗaya. Shi ne mai sharar laburaren gari. Ba shi da mugunta ko kaɗan, sai dai abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari.

Wata rana hukuma ta aiko cewa kwamfutocin laburaren sun tsufa, idan mai duba ya zo ran Litinin ya tarar ba sa aiki za a rufe ɗakin, a sallami mai shara. Malama Talatu, mai kula da laburaren, ta samo manhajar Linux ta kyauta, irin wadda tsofaffin injuna ke ɗauka, a filas, ɗan ma'ajin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta. Ta ɗora wa guda ɗaya, ta ce, "Jatau, zan je salla. Kada ka bar kowa ya taɓa ta." Da ta dawo ta miƙa hannu, sai ya tare ta da tsintsiya. "Malama, kowa kika ce." Sai da ta fita ta sake shigowa ta janye maganar.

Wata rana kuma ta ce, "Kada injin nan ya yi zafi." Ta dawo ta iske ya jiƙo buhu zai lulluɓe shi kamar randa. Da ƙyar ta fizge buhun.

Ran Asabar tana yi masa bayani, ta ce, "Wannan manhaja ta kowa ce. Duk wanda ya nema a ba shi." Ba ta daɗe da fita ba Sallau mai gyaran waya ya leƙo, ya tambayi abin da ya tayar da tsohon injin. Jatau ya ciro filas ɗin ya damƙa masa.

"Ina filas?" in ji Malama da ta dawo.

"An nema, na bayar."

Malama ta yi salati ta dafe kai. Filas ɗin nan kaɗai gare ta, sauran injunan ba a taɓa su ba, ga Sallau ya rufe shago ya tafi cin kasuwar ƙauye. Jatau ya koma gida ko tuwo ya kasa ci, don ya san aikinsa ya tafi.

Ashe Sallau ya kwafi manhajar ya rarraba wa abokan sana'arsa. Litinin da sassafe sai ga su, kowa da filas ɗinsa, sun zo a nuna musu yadda ake ɗorawa. Malama ta zaunar da kowa gaban injin guda. Kafin hantsi duk injunan sun tashi. Mai duba ya tarar da ɗaki cike da jama'a, ya ce a ƙaro kujeru.

Malama ta yi ta godiya don murna. Jatau ya dubi tulin filas a kan tebur ya washe baki.

"Malama, guda na bayar fa. Ko akuyar Inna ba ta haihuwa haka."