Rasuwar Consuelo, Wadda Ba Ta Yi Ƙarya Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunyar da ta hana ta ɗaga kai, Dakta Lorraine Archuleta na sanar da abokan aiki rasuwar Consuelo, kyamarar madubin hangen taurari na kan dutsenmu a New Mexico. Ta rasu ranar Laraba da azahar a kan teburin gyara, tana da shekara ashirin da huɗu a bakin aiki.

Aikin marigayiya ɗaya ne tun zuwanta. Kwazar guda aka ba ta ta riƙa dubawa, wato hasken iskar da ke ƙuna tana kewaya wani ƙaton baƙin rami can a sararin samaniya kafin ya haɗiye ta. Ita ce ke auna ƙaruwarsa da raguwarsa, Lorraine na rubutawa. Ba ta da ƙorafi. A ɗura mata ruwan da ke sanyaya ta ta ce "fuuu", ta buɗe ido ta ce "ƙwas", shi ke nan maganarta. Wendell Tsosie, mai kula da injinan dutsen, yakan ce duk ma'aikatan nan ita kaɗai ce ba ta taɓa neman hutu ba.

Ciwon ajali ya fara ne a watan Satumba, kuma a gaskiya ba a jikinta ya fara ba. Consuelo ta kawo labarin cewa hasken ya ragu, bayan mako shida ta ce ya kusa rabewa biyu. Lorraine ta ce ba zai yiwu ba. Ramin da ya kai nauyin rana miliyan ɗari takwas ba fitilar kicin ba ne, a lissafin da ta shekara tana koya wa ɗalibai irin wannan canji sai an haɗa da jikokin jikoki. Taurarin da ke gefe ba su canza ba a hotunan, wannan kaɗai ya isa ya wanke marigayiya. Amma Lorraine ta ce ai wurin da kwazar ɗin ke sauka a idon Consuelo ne ya lalace, tsufa ne. Ta bi hotuna talatin da ɗaya ta rubuta musu "marar kyau".

Wendell ya ce, "Dakta, ki bar tsohuwar nan ta sarara. In ma buɗe ta za a yi, jira in dawo daga cire haƙori."

Ba ta jira ba. Ta kwance ta sanye da rigar ulu mai tara wa jiki lantarki, ta manta igiyar da ake ɗaurawa a hannu don kada wutar jiki ta shiga na'ura. Ɗan yatsa ɗaya ta kai. Aka ji "tas", ƙaramar ƙara wadda ko kyanwa ba za ta waiwaya ba. Shi ke nan, wutar ta ƙone idon Consuelo.

Ranar Juma'a saƙo ya iso daga wasu abokan aiki a Chile, suna murna, suna tambaya ko mutanen dutse sun lura kwazar ɗinsu na dusashewa, tunda ba wanda ke da tarihinsa mai tsawo kamar na mutanen dutsen. Lorraine ta karanta shi sau uku a tsaye. Har yau ba ta amsa ba.

Marigayiya ta bar mijinta, madubin, wanda yanzu ke kallon sama ba ido. Ta bar hotuna dubu arba'in da ɗaya, da tulun ruwan sanyinta guda, da Wendell, wanda tun ranar bai ce wa Lorraine komai ba ban da gaisuwa, ita kuwa ta gwammace ya zage ta. Sabuwar kyamara ba za ta iso ba sai Afrilu. Abin da aka shekara ashirin da huɗu ana jira yana faruwa yanzu, kuma a takardar Lorraine wurin zai zauna fari.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a ɗakin karatu na ƙasa, inda za a kwantar da ita a hawa na biyu na kantar littattafai, kusa da taga. Wendell ne zai ɗauko ta, don Lorraine ta ce hannunta ba zai sake taɓa ta ba. Akwai kofi da miyar koren barkono. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya alfarma ɗaya: don Allah kada wanda ya ce wa Lorraine ai dama ta tsufa. Lafiyarta ƙalau.