Farin Gashi Ɗaya a Ƙofar Rumbun Iri

A wani daji da ke gefen fadama, dabbobi suna da rumbu guda na irin shuka, masu gadinsa kuwa rina ne. Rina ba su san fuska ba, ba ruwansu da wane ɗan wane. Igiyoyi uku da ke rataye a ƙofa su kaɗai suke dubawa: ta tsoho Kurege mai riƙon rumbun, ta 'yan gidansa, da ta sauran daji. In an ɗaura farin gashi a igiyarka, kana iya leƙawa. In ƙaya ce, ka shiga. In jan zare ne, ka zuba ko ka ɗiba. Abin da ba a ɗaura maka ba kuwa, ko giwa ce kai, sai ka kumbura. Igiya ta uku tun kaka da kakanni babu komai a jikinta.

Ana gab da damina, Zabuwa ta ga gari yana zuba daga gindin rumbun. Hankalinta ya tashi, don 'ya'ya gare ta rututu, kuma in ƙwaro ya cinye irin nan, ba su da abin ci baɗi. Ta gaya wa Kurege, shi kuwa idonsa ya yi rauni, ya leƙa ya ce lafiya lau. Da ta cusa kai don ta gani da kanta, rina suka yi mata abin da suka saba.

Da kumburarriyar fuska ta je majalisa. Gwaggon Biri, shugaban majalisar, yana son yabo, ba ya son doguwar zama. Ya gyara murya ya ce, "Jama'a, wannan abin kunya ne. Yaya baiwar Allah za ta zo taimako a harbe ta? Wannan ƙulle-ƙullen ma wa ya gane shi? A ɗaura gashi da ƙaya da zare a kowace igiya, kowa ya huta. Ai duk ɗaya muke."

Wuri ya ɗauki tafi. Ɓera ya yi wuf ya miƙe. "Ranka ya daɗe, rashin yarda da juna shi ya hana dajin nan ci gaba. Ni dai na goyi baya, kuma don Allah a yi yau, kada a bari sai gobe."

Nan ne Zabuwa ta yi abin da har yanzu nake jinjina mata. An ba ta fiye da abin da ta roƙa, a gaban jama'a, da tafi, ga yunwar bazara a cikinta, amma ta ce a dakata.

"Ranka ya daɗe, na gode, amma leƙawa na ce. Ban ce shiga ba, ban ce ɗiba ba. Na san halina. Ni zabuwa ce, in na tsaya a kan gero bakina ba ya shawara da ni. Yau in tsinci ƙwaya ɗaya, gobe in zo da yara. In ni da na kawo kuka ban amince wa kaina ba, wa zan amince wa? Igiyar nan ba tawa ba ce ni kaɗai, abin da kuka ɗaura mini kun ɗaura wa duk mai numfashi a dajin nan. Baba Kurege, farin gashi ɗaya ya ishe mu. Kowa ya gani da idonsa, hannu kuma ya tsaya inda yake."

Gwaggon Biri ya sosa ƙeya, ya ce dama abin da yake nufi ke nan. Kurege ya nemi gashi, Zabuwa ta tsige fari daga fiffikenta ta miƙa masa, ya ɗaura a igiya ta uku.

Ta leƙa, rina suna kallonta ba su motsa ba. Ashe ƙwaro ya riga ya fara cin kusurwar gabas. 'Yan gidan Kurege suka shiga suka fito da damman suka shanya a rana, ita kuwa tana tsaye daga nesa tana haɗiyar miyau, tana nuna musu inda suka tsallake. Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka, 'ya'yanta suna bin kunya suna rufe rami.

Ɓera dai tun ranar bai sake halartar majalisa ba. An ce yana can yana cigiyar mai sayen sababbin buhunan da ya ɗinka, waɗanda bai sami abin yi da su ba.