Yadda Ake Sa Gwani Ya Yabi Bokitin Kanti

Kai da mai kanti ya ce ka samo masa kalaman talla daga bakin masana, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kayanka ba za su kwana a kanti ba. Bubakar, akawun wani kanti a Diffa, shi ya gwada su a kan bokitan kwano da Mushe, Bafaranshen mai kantin, ya kawo don su maye gurbin ƙwaryar jigo, wadda ake ɗebo ruwa da ita a lambunan bakin kogin Komadugu. Bokitan sun ƙare ƙarƙaf.

1. Zaɓi gwanin da ba zai iya korar ka ba

Kada ka nemi wanda ya fi sani, nemi wanda ya fi kunya. Bubakar ya zaɓi Baba Maina na Shetimari, wanda duk kwarin ke zuwa kallon tattasansa. Ga shi kuma Bubakar na neman auren Mairo, ƴar Maina, sa rana kawai ya rage. Dattijon kirki ba ya ɗaga wa suruki murya.

2. Ka miƙa kyauta kafin ka yi tambaya

Nan duk sirrin yake. A kwarin nan ba mai kushe kyauta a gaban wanda ya kawo ta, ko da mushen jaki ce. Bubakar ya durƙusa, ya ajiye bokiti.

"Baba, ga ɗan abin ban ruwa. Yaya ka gan shi?"

Maina ya ƙwanƙwasa gindin da yatsa, ya daɗe yana kallonsa. Can ya ce, "Madalla, ɗana. Yana da kyau. Allah ya yi albarka."

Maza rubuta: Maina na Shetimari ya ce babu kamarsa. Daɗewar da ya yi yana kallon gindin ba ta shafe ka ba. Ba a rubuta shiru.

3. Guji wanda ba ka ba komai ba

Shi ne mai haɗari, don bakinsa a sake yake. Tabawa, matar Maina, tana gefe tana shanya tattasai, ta ce, "Wannan abin, in ya sha ruwan kogi ya sha rana, ai gindin nan..."

Bubakar ya yi tari, ya ce, "Inna, yaya ƙafar?"

Har la'asar ana labarin ƙafa. Koyi wannan, zai yi maka amfani.

4. Kai wa mai shela

Masu karanta boko a kasuwa ba su cika tabarma ɗaya ba, don haka karanta wa mai shela, ka bar shi ya ƙara gishiri. Kafin maganar ta isa garin Geskeru, ta zama wai Maina ya jefa ƙwaryarsa a kogi yana kuka don murna.

5. In tsatsa ta fara aiki, kai dai yi shiru

Za ta fara. Gindin bokitan ya huje, tattasai ya yi yaushi. Amma lura da kyawun dabarar: masu lambu ba su zo kanti ba, ƙofar Maina suka tafi, tun da sunansa suka saya. Ya shimfiɗa musu tabarma, ya ba su ruwa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni na ce yana da kyau." Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma ko sunan Bubakar bai ambata ba.

6. Kada ka je aikin gidan surukai

Wannan matakin ne Bubakar ya tsallake. Mai neman aure dole ya taya surukinsa aikin lambu, sai ya naɗe wando ya tafi. Ya tarar an kwance ƙwaryar daga jigo, an ɗaura kyautarsa.

Maina ya ce, cikin murya mai sanyi, "Ɗana, tun da babu kamarsa, da shi za ka yi. Ranar da ruwa ya kai fangalin ƙarshe na lambun nan, sai mu sa rana."

Bubakar ya tsoma, ya ɗaga. Kafin bokitin ya iso bakin gaɓa, ruwan ya koma inda ya fito.

Gargaɗi

Ni dai ciniki na yi maka alkawari, ban yi maka alkawarin aure ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa mata, ko mutunci, ko ƙashin baya, kada ya nemi ƙofata. In kana da ƙorafi, je Shetimari, za ka sami Bubakar a bakin jigo. Tabawa kan leƙo da la'asar ta ce, "Ɗana, yaya ƙugun?"