Sheƙar Wofi a Bakin Fadama

A Dajin Marke labari ba ya tafiya da ƙafa. Tun kaka da kakanni tsuntsaye ne ke ɗaukar saƙo daga bishiya zuwa bishiya, dabbobin ƙasa su biya su da hatsi. Doka ɗaya ce ke riƙe da sana'ar: tsuntsun da ya riga ɗora sheƙa a kan bishiya, bishiyar ta zama tasa, babu wani ɗan aike da zai sauka a kanta ko don ya huta. Magabata sun kafa dokar ne don kada a riƙa faɗa a kan reshe. Ba su taɓa zaton za a haifi tsuntsun da zai gina sheƙa ba don ya kwana a ciki ba.

Manyan gidajen sana'ar biyu ne, na Hankaka da na Shirwa. Akwai kuma 'yan kurciyoyi masu kai saƙo gefen daji, inda manyan ke ganin wahalar ta fi ladan. Wata shekara Hankaka ya yi shelar ya yafe ladan aike har girbi. Shirwa ta ce ita ma ta yafe, har da gyara. Dabbobi suka samu banza, har wanda ba shi da abin faɗa ya riƙa aika wa maƙwabcinsa gaisuwa alhali yana kallonsa. Kurciyoyi ba su da rumbun da zai kai su girbi. Wasu suka bar dajin, sauran suka shiga hidimar Hankaka, wanda dama kirarinsa mai da ɗan wani naka. Da girbi ya zo ladan ya dawo, ya kuma taho da ƙannensa.

A bakin fadama akwai wata doguwar ɗorawa, ita kaɗai ce masaukin tsuntsu a duk yankin. Da Hankaka ya ji ƙishin-ƙishin Shirwa na son ta, sai ya sa aka jibga ƙirare a kanta, aka kira su sheƙa, ya ajiye mai gadi guda. Bai buɗe aiki a wurin ba, don mazauna fadama talakawa ne. Buƙatarsa dai kada Shirwa ta samu.

Cikin mazauna fadamar akwai Gada, wadda ta haihu gab da damina. Ɗan nata bai iya gudu ba tukuna, a ciyawa take ɓoye shi ta tafi kiwo. A da, in gulbi ya ciko daga sama, kurciyoyi ne ke zuwa da labari kowa ya hau tudu. Yanzu babu su. Don haka ta taka har gindin tsamiyar da majalisa ke zama, ta durƙusa gaban Ɓauna, shugaban majalisar.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ban zo ƙarar kowa ba. Ɗana ba ya iya gudu, ruwa kuma ba ya sallama. Ko dai mai ɗorawar nan ya yi aiki da ita, ko a bar wani ya sauka."

Hankaka ya gyara farin ƙirjinsa ya miƙe. "Ya shugaba, ya 'yan majalisa, zuciyata na tare da baiwar Allah nan. Taken gidanmu ma shi ne, in kunne ya ji jiki ya tsira. Fadama tana cikin shirinmu na gaba. Amma kai saƙo can nesa aiki ne mai cin hatsi, kuma wani ne zai biya. Ba zan ɓoye muku ba, ku na tsakiyar daji ne za ku biya."

Aka juya ga Shirwa, ana jiran ta tsaya wa Gada ko don ta ɓata wa abokin gabarta. Sai dai ita ma tana da irin waɗannan sheƙu a gabashin daji, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ta ce, "Kowa ya san ba na ga maciji da Hankaka. Amma doka gadon iyaye ce. In aka taɓa sheƙa ɗaya yau, gobe wace ce za ta tsira?"

A majalisar nan da buga ƙafa ake nuna amincewa. Ɓauna ya tambayi masu son a buɗe ɗorawa. Kowa ya tuna da rumbunsa, ya kuma tuna banzar da ya ci, ƙafafu suka yi nauyi. Ƙarar kofaton Gada kaɗai aka ji.

Gulbi ya ciko da rana tsaka, Gada na wurin kiwo. Gidajen biyu suka yi tseren kai labari tsakiyar daji, inda ruwan ba ya zuwa, kowanne na alfaharin shi ya riga. Mai gadin ɗorawa ya hango ruwan tun daga nesa, ya kuma ga ɗan Gada kwance a ciyawa. Amma gadin sheƙa aka sa shi, ba kai saƙo ba, kuma fadama ba ta cikin masu biya. Ya riƙe amanar aikinsa, ko tsinke ɗaya na sheƙar bai ɓata ba. Ruwa ya tafi da ɗan Gada.

Da majalisa ta sake zama, ba wanda ya iya kallon ɗan'uwansa. Kunya ta rufe su, irin wadda mutum kan so ƙasa ta tsage ya shige. Ɓauna ya dubi kofatonsa ya ce, "Jama'a, mun ji kunya. Al'ada ce mu tashi mu je mu yi wa Gada ta'aziyya. Wa zai shige gaba?"

Ba wanda ya motsa. Kowa na tuna yadda ta dube shi ranar da ƙafarsa ta yi nauyi.

Nan Hankaka ya yi gyaran murya, ya ce saboda girman rashin, gidansa zai kai ta'aziyyar kowa a rabin lada. Shirwa ta ce in Hankaka zai bar ta ta sauka na lokacin makoki, ita kyauta za ta kai. Ya yarda. Aka ji ajiyar zuciya ta ko'ina, dabbobi suka yi layi, kowa kansa a ƙasa, yana raɗa wa ɗan aike kalmomi masu taushi.

Gada na zaune a kan laka inda ruwan ya janye, ta share wuri don masu zuwa gaisuwa. Babu wanda ya zo da ƙafarsa. Sai tsuntsaye, hankaki da shirwoyi, suna ta sauka a kan ɗorawa har rassanta suka ranƙwafa, kowanne na rige-rigen isar da nasa: Ɓauna na cewa Allah ya ba ki haƙuri, Zomo na cewa Allah ya mayar da alheri.

Ta saurare su har na ƙarshe ya gama. Sannan ta ɗaga kai ta dubi ɗorawar, ta ce, "Ashe kun san hanya."