Azurfar Baba a Goshin Zabiya

Duk unguwarmu ta Jarwal cewa ake na cika kyauta. Ba kyauta ba ce, gaggawa ce. Baba yana tara tsofaffin kuɗin azurfa na Turai da alhazai ke kawowa. Ranar bikin ƙawata na makara, na buɗe gwangwaninsa na zari wata 'yar ƙarama da ta yi baƙi, wai ni mai ilimi na gane marar daraja. Na liƙa wa zabiya a goshi, ina taƙama.

Da Baba ya ji, sai ya nemi wuri ya zauna. "Ya binti, 'yata, shekara ɗari biyar tana yawo lafiya, sai a hannunki?"

Yanzu yayyena Hajiya Mai Liƙi suke kirana. Zabiyar ta ce za ta mayar, in zan yi mata amshi a biki na gaba. Na fara gyaran murya.