Zawon Kwikwiyo a Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da waɗanda ke tsakar gidan nan na Kagoma ranar ba, don har yau in na gamu da ɗayansu sai in ga yana danne dariya. Akwai ɗana Yohanna, malamin makaranta a Zonkwa, wanda muka je kai wa kayan aure. Akwai Bulus, ƙanin marigayi mijina. Akwai Pasto. Akwai yarinyar, Rifkatu, da uwarta, da kakanta Baba Audu, tsohon maharbi, mai magana a gidan. Sai ni. Sai wani tsinannen jan kwikwiyo. Shekarar da aka ce motoci su koma hannun dama ke nan.

Da aka faɗa mana kayan da za mu kawo, akuya da garma da gishiri da manja, sai Baba Audu ya ƙara da cewa tun kakanni ba a ba da 'ya a gidansu sai an kawo wa tsohon gida kare. Ƙarami kuma yake so, ya hori abinsa da kansa. Yohanna ya samo shi wurin wani ma'aikacin reluwe a nan Kafanchan, ya dire mini, ya koma Zonkwa. (Haka 'yan boko suke. Su kawo miki aiki, su ce "Mama, ki yi haƙuri," su hau mota.)

Tun ranar da dabbar nan ta shigo gidana ban huta ba. Zawo! Bakin ƙofa, gindin rumbu, kusa da murhuna. Na dafa ganyen gwaiba na ɗura masa, ya tsaya. Na ce na gode Ubangiji. Bayan kwana kaɗan ya dawo. Na daka gawayi na dama masa a koko, ya tsaya, ya sake dawowa. In na juya baya yana kan juji yana tonon ruɓaɓɓen abu. In Yohanna ya zo hutun mako sai ya buɗe masa madarar gwangwani, wai don ya yi ƙiba kafin ranar. Ni da na haife shi bai taɓa buɗe mini gwangwani ba.

Ranar ta matso, sai na yi dabara. Na ce abin da bai shiga ba ai ba zai fita ba. Tun jajibiri na hana shi abinci. Muka hau mota, cikinsa shiru har Kagoma. Ina sanye da sabuwar atamfata da farar riga, ina jin kaina.

Ku san ni, duk Zumuntar Mata ta cocinmu sun san idona. Kafin in zauna sai da na shafa kujerar da yatsa na duba. Da Rifkatu ta durƙusa ta kawo ruwa, na kalli farcenta. Bayan Pasto ya yi addu'a, na juya wajen uwarta na ce, "Gara in faɗa tun yanzu. A gidana ba a kwana da kwano ba wanki. Ƙuda ma ya san ba ya sauka a tsakar gidana. Yarinyarku ta shirya."

Uwar ta ce, "To, Mama."

Baba Audu ya leƙo kwikwiyon da ke kan cinyata. "Maman Yohanna, lafiyarshi ƙalau dai?"

Na ce, "Baba, abin da ya fito daga gidana ba a tambayar lafiyarsa."

A gaban Pasto na faɗa, da bakin nan nawa.

Ashe akwai sauran al'ada, wadda Bulus ya sani bai gaya mini ba (har yau ban yafe masa ba). Wanda ya kawo kare shi ke riƙe shi, tsoho ya ba shi abinci da hannunsa, don ya san ya canja gida. Aka kawo romon kan akuya, maiƙo na yawo a sama. Dabbar da ta wuni ta kwana da yunwa! Ya lashe kwanon tas, tsoho ya ce, "Kai, wannan zai yi farauta," ya ƙara masa. Ina ji a cinyata cikinsa ya fara ƙugi kamar jirgin kaya. Na matse shi. Na so in sauke shi, Bulus ya raɗa mini, "Sai an sa albarka." Pasto ya ce mu rufe ido.

Bai kai ga Amin ba.

Ɗumi na fara ji, daga cinya har idon sawu, har cikin takalmina. Warin ne ya buɗe wa kowa ido. Pasto ya kama tari. Yohanna ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa, ɗan da na goya! Ƙudajen Kagoma kuwa kamar an aika musu.

Rifkatu ce ta tashi ta ja ni bayan ɗaki, ta kawo ruwa da sabulu, ta miƙo mini zanenta. Ta ce, "Mama, ki bar naki, zan wanke." Da farcen nan da na gama dubawa ta wanke shi. Wannan ya fi zawon ƙona mini rai.

Da na fito, Baba Audu yana share hawayen dariya. Ya ce, "Akuya mun karɓa, gishiri mun karɓa. Wannan kuma ki koma da shi. Ranar da kashinshi ya ɗaure, ki aiko, mu sa rana."

Haka na dawo Kafanchan cikin zanen yarinyar da ba a ma ɗaura wa aure ba, da kare a kwando, Yohanna na cewa, "Mama, yanzu yaya ke nan?" Abin da na koya dai shi ne, in za ki yi wa mutane wa'azin tsabta, ki fara sauke abin da ke kan cinyarki.

Washegari da sassafe na kai shi wurin likitan dabbobi aka ba shi maganin tsutsa. Na dawo na buɗe shinkafar da nake ɓoyo don Kirsimati, na dafa masa fara ba mai, na ɗaure shi a gindin mangwaro nesa da juji. Na jawo kujera na zauna ta wajen jelarsa, da ɗan tsinke a hannu.

Maƙwabciyata ta leƙo ta kan danga. "Maman Yohanna, me kike jira a nan?"

Na ce, "Ranar auren ɗana. Wuce ki ba ni wuri."