Na-Lahai Ya Shata Iyaka

Duk ƙasar Ƙonni ba a taɓa yin masanin dokar duniya kamar Alhaji Takama na Bazaga ba, kuma shi da kansa ya tabbatar da haka. Ya yi aiki a wani buro, wato ofis, a Yamai, har aka taɓa sa shi cikin tawagar da ta tafi Lahai, birnin kotun duniya. Mahassada na cewa jakar shugaban tawaga kawai ya riƙe. To, ai doka ce a cikin jakar. Tun da ya yi ritaya ya dawo gida ake kiransa Na-Lahai, yana amsawa da ɗaga yatsa ɗaya.

Babban baƙin cikinsa shi ne yadda ake shari'a a Bazaga. A zauna gindin bishiya, maigari ya saurari kowa, a tashi a tafi gona. "Shari'ar da ba ta shekara ba," in ji shi, "ai hira ce."

Ana nan sai maigari ya tafi aikin hajji, daidai lokacin da hadari ya fara haɗuwa a gabas. Wasu maƙwabtan gona biyu, Chindo da Mamman Sani, waɗanda ko gaisuwa ba ta haɗa su, suka tashi da rigima. Shanu sun cinye gambar da ta raba gonakinsu, kowa na cewa ɗan'uwansa ya matso. Da suka rasa mai raba su, suka zo wajen Alhaji.

Ya shiga ɗaki, ya fito da kwat cikin zafin bazara.

"Wannan ba rigimar gona ba ce," ya ce. "Rikicin iyaka ne tsakanin ɓangarori biyu masu 'yancin kai. Daga yau gonakin nan sun zama yankin tsagaita wuta. Duk wanda ya sa fartanya, ya keta yarjejeniya, kuma jandarma sun san ni."

Aka kafa sanduna da jan ƙyalle. Ya naɗa kwamiti, shi ne shugaba, shi ne magatakarda. Zaman farko aka duba ko kwamitin na da hurumin sauraron ƙarar. Bayan doguwar muhawara da kansa, ya gano yana da shi.

Ruwa ya sauka. Duk Bazaga ta fita shuka, har da 'yan ƙwadagon da ke yi wa Alhaji tasa gonar. Chindo ya zo, ya tsuguna.

"Ranka shi daɗe, ƙasa ta jiƙa. Iyalina mi za su ci bana?"

"A Lahai," in ji Alhaji, "akwai shari'ar da alƙalinta ya mutu ya bar ta, kuma ba wanda ya yi zancen tuwo."

Ko da maigari ya dawo, hatsin kowa ya kai gwiwa, gonakin nan biyu kuwa sun yi ciyawa mai kyau, irin wadda doka ke karewa. Da aka aiko maigari na kiransa, Alhaji ya gane nan take: za a roƙe shi ya gyara dokokin gari. Ya shirya jawabi, ya sa turare.

Yana isa ya tarar da Chindo da Mamman Sani a tabarma ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Sun ma dasa sabuwar gamba tun da safe. Ƙararsa suka kawo.

"Wannan kotu ba ta da hurumi a kaina!" ya ce.

"To, madalla," in ji maigari. "Tuɓe takalmi ka zamna ƙasa, ka hwaɗa muna."

Ya zauna, kwat na jan ƙura. Hukuncin bai da tsawo: wanda ya hana shuka shi ke ciyarwa. In kaka ta yi, hatsin gonarsa zai shiga rumbunan mutanen nan biyu.

Har yau Na-Lahai na shaida wa baƙi cewa shi ne ya haɗa kan ɓangarorin da suka gagari kowa. Ba mai musa masa. Tun da aka haifi Chindo da Mamman Sani ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, sai a kan cewa Alhaji Takama annoba ne.